Kiɗa da Maganar Gari: Yadda Maraɗi Ta Samu Bakin Magana a Rediyo

 

Ƙorafi iri biyu ne ba sa ƙarewa a wajen masu saurare. Wasu su ce mun cika kiɗa, mu ba su labarin gari. Wasu kuma su ce sun gaji da surutun kwata da haraji, mu sa musu waƙa su huta. Mu da ke zaune gaban mikro duka biyun muna ji. Shi ya sa yau muka ga ya dace mu koma baya mu duba tarihi, domin tarihin ya nuna kiɗan gida da maganar gari tare suka shiga rediyo a ƙasar nan, kuma duk lokacin da aka matse ɗaya, ɗayan ma yana jin jiki.

Mu fara da zamanin da babu rediyo. Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi sun kafa sarauta a Maraɗi wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri a 1836 ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. A fadojin nan biyu, in sarki na da magana da talakawa, mai shela ake tayarwa. Shi kuwa mai shela ba ya fara magana sai ya buga ganga mutane sun taru. Tambura da kakaki da algaita su ke sanar da fitowar sarki, maroƙa su ke riƙe da sunayen kakanni da labarin yaƙoƙi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, abin da talaka ba ya iya faɗi a gaban fada, mawaƙi ke ɗauka ya saka cikin habaici ko zambo. Mata na da nasu a bakin turmi da dutsen niƙa. Masu goge da ƙwarya na da dandalinsu ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Tibiri. Kun ga ashe tun can asali kiɗa ne ke tara mutane, maganar gari ta biyo baya.

Rediyon ƙasarmu ya fara aiki a Yamai a 1958, shekara biyu kafin samun ƴancin kai. Gida ɗaya ne tak, na gwamnati, kuma bayan an haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, jam'iyya ɗaya ce ta rage a fili. Duk da haka an yi wani abu a 1962 da ya cancanci a tuna da shi, wato kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo. Ga yadda abin yake: mutanen gari su taru da maraice, galibi malamin lakwal ne ke jagoranci, a saurari shiri kan noma ko lafiya ko tarbiyya, a tattauna, a ɗauki muryoyin mutane a faifai a aika Yamai, wata rana manomi ya ji kansa a rediyo. Wannan babban abu ne a wancan lokaci. Sai dai daga sama ake zaɓo batun da za a tattauna, kuma a Yamai ake yanke abin da zai fita.

Bayan juyin mulkin Seyni Kunce a 1974, gidan ya koma Muryar Sahel. Zamanin Samariya ke nan. Daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, kowace jaha na kai ƴan wasanta da mawaƙanta gasa, rediyo na ɗauka yana watsawa. An samu waƙoƙi masu daɗi ƙwarai, iyayenmu har yau suna rera wasu. Amma kowa ya san mawaƙin gasa ba shi ke zaɓar abin da zai yi waƙa a kai ba: haɗin kan ƙasa, komawa gona, dashen itace, yabon hukuma. Kokawa ma ta shiga rediyo a wannan zamani. A gasar farko ta ƙasa da aka yi a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi Yakuba Ango Kantu ne ya zo na ɗaya, shi ne filin kokawarmu ke ɗauke da sunansa. Duk wanda ya taɓa jin yadda gari ke yin tsit lokacin da ake kawo kokawa kai tsaye, ya san ƙarfin da rediyo ke da shi in ya taɓo abin da mutane ke ji nasu ne.

To amma mu faɗi gaskiya, kunnen Bamaraɗe a waɗannan shekaru kudu ya fi karkata. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, daga baya Jamus da Muryar Amurka suka shigo da nasu. A Kaduna ake jin Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Ɗan Anace da Barmani Coge, ga shirin zaɓi-sonka da ake aika wa wasiƙa. Kaset-kaset na shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa tare da sauran kayan alhazai. Sakamakon haka, a 1979 mai teburi a babbar kasuwa zai iya yi maka bayanin rigimar NPN da PRP a Kano dalla-dalla, amma abin da aka yanke kan kasuwar da yake zaune cikinta, sai dai ya ji a bakin mutane. Makaɗin unguwarsa kuwa, in ba a gidan biki ba, ba shi da inda za a ji shi.

Babban taron ƙasa, wanda muka fi sani da Konferans, shi ya buɗe ƙofa. An zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, mutane na manne da rediyo suna jin ana yi wa manya tambayoyin da a da ko a ɗaka ba a iya yi. Ana cikin wannan zama ne, a ƙarshen Oktoba, aka yi mummunan tashin hankalin Toda a nan jaharmu, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. A ranar babu gidan rediyo mai zaman kansa ko ɗaya a faɗin ƙasar. Duk mai aikin rediyo a jahar nan ya kamata ya riƙa tuna Toda a ƙarshen kowace damina, lokacin da ake karanta sanarwar ranar sakin gonaki.

Dokokin watan Maris na 1993 suka ba da damar kafa gidajen rediyo masu zaman kansu, tare da hukumar kula da sadarwa ta CSC. Gidan farko da ya buɗe a Yamai a 1994 sunansa R&M, ma'ana rediyo da kiɗa. Ku lura da sunan. Daga nan sai Anfani ta Girema Bukar, wadda ta shigo da labarai da muhawara cikin harsunan gida, kuma ta ɗanɗana kuɗarta: an rufe ta a Yulin 1996 lokacin zaɓen Janar Ba'are, sannan a Maris na 1997 wasu mutane cikin kakin soja suka shiga suka farfasa kayan aikinta. Ba ta mutu ba. Ta buɗe rassa a Damagaram da Maraɗi da Difa, wasu gidajen irin su Sarauniya da Garkuwa su ma suka shigo fagen a nan garin. Tibiri da Jiratawa duka ba su da nisa da birni, saboda haka FM ɗin Maraɗi na shiga har cikin gonakinsu. Ƙaramar rediyo ƴar Sin mai batir biyu ta wadatar.

Nan ne abin da muke son ku gane ya faru. Yawancin mutane ba da siyasa suka fara shiga waɗannan gidaje ba. Da gaisuwa suka shiga. Mutum ya sayi katin gaisuwa, ya rubuta sunayen ƴan uwa da abokai, ya zaɓi waƙa. Fadojin matasa, waɗanda suka yaɗu a daidai wannan lokaci, kowace na son a ambaci sunanta da na shugabanta da mai dafa mata shayi. Mata a cikin gida, waɗanda ba sa zuwa dandali, suka kafa nasu kulob ɗin, suka san juna ta murya tun kafin su haɗu a biki. Da wayar salula ta shigo a farkon shekarun 2000, sai kati ya koma kira. Mai kira ya gaida mutum goma, ya nemi waƙarsa, kafin ya ajiye sai ya ce: af, don Allah a faɗa wa masu ruwa famfon unguwarmu ya yi kwanaki ba ya kawowa. Gobe wani ya ce tasu kwatar ta toshe. Jibi mai gabatarwa ya ga ba makawa sai ya gayyato wanda abin ya shafa ya ba da amsa. Shirye-shiryen da muke kira na jin ra'ayin jama'a a yau, da yawansu daga cikin shirin gaisuwa da waƙa suka tsiro. Mutumin da ya saba jin sunansa a rediyo ba ya jin tsoron ɗaga murya a cikinta.

Mawaƙan gida su ma sun samu ƙofa. Gasar Ɗan Gurmu da aka fara tun shekarun 1980 ta riga ta fito da masu kiɗan zamani na jahohi. Namu Sa'adu Bori ya ɗauki kiɗan bori ya ɗora shi kan gita da ganguna na zamani, har faifan Niamey Twice da suka yi da Musa Pusi ya fita a Turai a 1994. Allah ya yi masa rasuwa a haɗarin mota a 2008. A ƙarshen shekarun 1990 ƴan rap irin su Lakal Kaney da Wass-Wong da Kaidan Gaskiya suka taso a Yamai, suna magana kan rashin aiki da cin hanci da auren dole cikin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, matasan jahohi suka bi sahu. Waɗannan yara ba su da kamfani, ba su da ubangida. Su haɗa kuɗi su shiga ɗan situdiyo, su kawo faifai gidan rediyo da hannunsu. Tare da su akwai masu kalangu da gurmi da kukuma, da makaɗan ƴan kokawa, da masu begen Annabi. Sau da yawa abin da ɗan jarida ke tauna harshe kafin ya faɗa, yaro ya riga ya faɗe shi a baiti biyu.

Rediyon karkara kuwa, wanda mutanen gari ke riƙe da shi da kansu, a Bankilare ta jahar Tilaberi aka fara shi a 1999, da tallafin majalisar ɗinkin duniya da cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD. Ƙaramar na'ura ce mai aiki da hasken rana, muryarta ba ta wuce ƙauyukan kewaye, ma'aikatanta ƴan sa-kai ne, kwamitin gari ke kula da ita. Ƙa'idarta ita ce ba ta jam'iyya ba ce, kuma ba don riba aka kafa ta ba. A cikin ƴan shekaru irin waɗannan gidaje suka haura 100 a ƙasar, jaharmu ma ta samu rabonta. Abin da ake ji a cikinsu shi ne cigiyar dabbar da ta ɓata, ranar rigakafi, sanarwar suna da rasuwa, farashin tiyar hatsi a kasuwar mako. Tsakanin sanarwa da sanarwa kuma, sai kiɗan da ma'aikacin ya ɗauko da ƴar rakodarsa a bikin ƙauye. Ga makaɗa da yawa, wannan ɗaukar ita kaɗai ce shaidar da suka bari a duniya.

Siyasar gida ta samu jiki sosai a ranar 24 ga Yuli 2004, da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265. Tibiri ta samu majalisarta, Jiratawa ta samu tata, Maraɗi aka kasa ta uku. Magajin gari ya zama mutumin da kuke sallar Juma'a tare, kansila kuma maƙwabcinka ne. Tambayoyin da ke zuwa rediyo suka sauya: ina kuɗin harajin kasuwa ke tafiya, wa aka ba fuloti a sabon rabo, yaushe za a kwashe bola. Manoman fadamar Jiratawa, masu noman rani da zogalen da ake kaiwa kasuwanni nesa da kusa, su nasu zancen kuɗin ruwa ne, da wutar injinan ban-ruwa, da tsadar taki, da shugabancin koperatif. Mutanen Tibiri su kawo maganar Gulbi da ke cin gonaki, da burtalin dabbobi. Babu gidan rediyon waje da zai ɓata minti goma kan waɗannan, alhali su ne rayuwar mutum ta yau da gobe.

Shekarar 2005 ta gwada kowa. A watan Maris aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa saboda harajin kashi 19 cikin 100 da aka ɗora kan kayan masarufi, aka kama shugabannin ƙungiyoyi, aka rufe rediyon Alternative a Yamai na ɗan lokaci. Da damina ta kama, yunwa ta bayyana, Maraɗi ta zama inda ƴan jaridar duniya ke sauka suna ɗaukar hoton yara a cibiyar likitocin MSF. Kafin kyamarorin su iso, mai sauraren FM ya riga ya san inda aka dosa, domin kullum yana jin yadda tiya ke hawa.

Yanzu bari mu zo kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato kuɗi. Gidan rediyo na cin kuran, in an ɗauke yana cin gazuwal, ga haya, ga haƙƙin ma'aikata. Talla a gari irin namu ba ta da yawa. Saboda haka ake sayar da lokaci: ga proje mai shirin wayar da kai, ga mai maganin gargajiya, ga ƙungiyar wa'azi, ga ɗan siyasa lokacin kamfe da mawaƙansa na yabo. Ba laifi ba ne a sayar da lokaci, da shi gidan ke rayuwa. Amma yini awa 24 ne. Duk awar da aka sayar, daga wani wuri aka cire ta, kuma wuraren da ba sa kawo ko dala su ne biyu: filin mawaƙin gida da ba shi da mai biya masa, da filin da ake buɗe layi talaka ya yi tambaya. Su ake fara yankewa, kuma tare ake yanke su. Gurbin kiɗan sai a cike shi da waƙoƙin fina-finan Kano da aka kwafo a kati, tunda ba wahala. Gurbin muhawarar kuma sai a ba wanda ya biya ya yi ta magana shi kaɗai. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai gabatarwar da baƙonsa ya sayi filin ba zai iya tsare shi da tambaya ba. Yaron da aka ce sai ya ba da na goro kafin a sa waƙarsa, gobe zai je ya nemi mai kuɗin da zai yaba, ya bar waƙar da ya so yi kan halin unguwarsu. Akwai hukumar kare haƙƙin mawaƙa ta BNDA, amma mawaƙin da ba a sa waƙarsa ba, me za a karɓo masa?

Wasu malamai da iyaye na da damuwa kan kiɗa, musamman mai batsa da zagi, kuma damuwarsu abin saurare ce a gari irin Maraɗi. Tace abin da zai fita aikinmu ne. Sai dai tacewa daban, rufe ƙofa ga ɗan gida gaba ɗaya daban.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa rediyon gida nauyi. A 2016 aka buɗe Studio Kalangou a Yamai, mai haɗa shirye-shirye cikin harsunan ƙasa yana raba wa gidajen abokan hulɗa, kuma su ma da suka tashi neman suna, na ganga suka ɗauka. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, an dakatar da RFI da France 24 a watan Agusta, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba mu, gidajen rediyo suka koma kan gurup da rage awoyi. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. A Disamban 2024 aka dakatar da BBC na wata uku, a Maris na 2025 kuma gwamnatin Amurka da kanta ta tsayar da aikin Muryar Amurka. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan matakai. Abin da ba a musu a kai shi ne, muryoyin nesa sun ragu, kansilan da kake tarewa a ƙofar masallaci babu shi, matsalar ƴan bindiga a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji na nan, ga saƙonnin murya na WhatsApp da ba a san mai su ba suna yawo. Da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya rusa gidaje ya ci rayuka a birnin nan, mutane na buƙatar muryar da suka sani ta gaya musu wace hanya ce ta yanke, ina aka sauke waɗanda suka rasa matsuguni. Irin wannan yarda ba a rana ɗaya ake gina ta ba. Shekarun gaisuwa da kiɗa da amsa kira ne suka tara ta.

Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Mu a rediyo mun daɗe muna aiki da ita, ko da yake yawancinmu da Faransanci muka yi karatu. In ana son wannan matsayi ya yi amfani, to a ji Hausar Gobir da ta Katsinar Maraɗi a bakin masu ita, da karin maganarsu da kiɗansu.

Don haka ga roƙonmu, kuma da kanmu muka fara. Kowane gida ya ware aƙalla awa ɗaya a mako ta mawaƙan jahar nan, ba tare da an karɓi ko sisi ba, tsoho mai gurmi da yaro mai rap duka su samu wuri. Duk shirin da aka saya, a faɗa wa mai saurare a farkonsa cewa saye aka yi, ya san da wa yake magana. Filin buɗe layi kuma a bar shi a lokacin da mutane ke gida, kada a tura shi tsakar dare. Masu riƙon ƙananan hukumomi da shugabannin ma'aikatu, in an gayyace ku ku zo. Tambayar da aka yi muku a rediyo ta fi wadda za a yi a bayanku sauƙi. Ƴan kasuwarmu masu hali, ku ɗauki nauyin filin mawaƙan gida ba tare da sharaɗin sai an yabe ku ba.

Ku kuma masu saurare, akwai aikin da ku kaɗai za ku iya. A cikin akwatuna da ƙarƙashin gadaje a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa akwai kaset-kaset na bukukuwa, da na kokawa, da na hawan salla, da na makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya. Zafi da ƙura na cinye su kowace shekara. Duk mai irin wannan ya kai gidan rediyon da ya yarda da shi a kwafe, a rubuta sunan makaɗin da garinsu da shekarar in an tuna, a mayar masa da abinsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in mai ita ya tafi kuwa, faifan ne kawai zai gaya wa jikokinsa yadda muryarsa take.

Allah ya ji ƙan magabatanmu a wannan aiki, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.